Ranar da Aka Yi wa Rumfar Mutari Kwalliya

Mutari ba ɗan Yamai ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Madawa ya zo, 'yan shekaru kafin Faransawa su miƙa mulki, da wuƙar dukanci da basilla a cikin burgami. Ya sauka a unguwar Zongo, gidan Alhaji Isaka, kamar yadda Bahaushen da ba shi da kowa a garin yakan yi a lokacin. Alhaji Isaka fatoma ne, mai saukar da fatake, mutum mai son a san da shi amma ba marowaci ba, shi ya ba Mutari gefen zaure ya kafa rumfa. A nan ya zauna yana yanka tsohuwar tayar mota yana yi wa 'yan dako da masu tura amalanke takalma. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi sai ya ƙarasa ɗinkin da ke hannunsa kafin ya ɗago kai, kuma ba raini ba ne, haka Allah ya yi shi.

Ba neman arziki ne ya kawo shi birni ba, yayarsa Hajjo ce. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yaye shi da kunu. Tana ɗakin miji kuturta ta kama ta, mijin ya sallame ta, dangi suka ware mata ƙwarya da tabarma. Mutari ya ji fatake suna cewa a Yamai ana ba kutare wata ƙwaya kyauta, sai ya sayar da jakinsa ya ɗauko ta. Labarin bai zama ƙarya ba. A bayan gari akwai wani ɗan asibiti na kutare, ɗaki biyu da inuwar bishiyar dogon yaro, kuma mai ba da maganin wata Marta ce, Kirista 'yar Dogon Dutse, gajeriya mai kaifin baki, wadda take yi wa majinyatanta faɗa kamar ita ta haife su. Hajjo ta sha ƙwaya, cutar ta tsaya. Alhaji ya ba ta wani ɗan ɗaki a can ƙarshen gida, ta riƙa tufkar igiyar kaba da abin da ya rage mata na yatsu, tana kaiwa Babbar Kasuwa da ƙafa, domin ta rantse ba za ta zauna bakin masallaci da ƙoƙo ba.

Wata rana da la'asar ta dawo daga kasuwa, ta gaishe shi ta wuce. Ya sunkuya zai ɗauki wuƙa sai ya ga jini a daɓen zaure, sawu bayan sawu, har cikin gida. Ya bi ta ya zaunar da ita ya cire mata takalmi. Ƙusa ce ta huda taya ta shige tafin ƙafarta ta dama, ta yi ta tafiya a kanta tun daga kasuwa ba ta ji komai ba. Shi da hannunsa ya buga ƙusar nan, don takalmin shi ya yi mata. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce ta ɗauka ruwa ta taka.

Marta ce ta yi masa bayani, tana wanke raunin tana faɗa. Ƙwaya tana kashe cutar, amma jin da ya tafi daga ƙafa ba ya dawowa. Mai lafiya in tsakuwa ta shiga takalminsa zafi ne yake tsayar da shi, in ya gaji da taka wuri ɗaya sai ya karkata ba tare da ya sani ba. Ƙafar Hajjo ba ta da mai faɗa mata. Za ta yi ta taka wuri ɗaya har ya ɓarke ya zama gyambo, gyambo ya ci nama ya isa ƙashi, daga nan sai wuƙar lokotoro, wato likita. Ta ce yawancin guragun kutaren da yake gani a gari ba cutar ce ta cinye musu ƙafa ba, tafiya ce. Mutari ya koma rumfa, kuma tun daga ranar bai ƙara buga ƙusa a takalmin kowa ba.

Raunin ya zama gyambo kamar yadda Marta ta faɗa, kuma a kan gyambon nan Mutari ya koyi abin da ya zama aikin rayuwarsa. Ya kwaɓa yumɓu ya shimfiɗa a kan katako ya sa Hajjo ta taka. Inda yumɓun ya fi lotsewa, nan nauyinta yake sauka. Sai ya rarake tayar daidai wurin, ya cika ramin da abu mai laushi, ya rufe da fatar akuya ya ɗinke ta waje yadda ko ƙullin zare ba zai taɓa ta ba. Abu mai laushin ne ya ba shi wahala. Audugar rimi ta dunƙule ta yi tauri cikin 'yan kwanaki. Gashin tunkiya ya riƙe gumi ya yi wari. Ya gwada tsumma, ya gwada ɓawon gero, har mutanen zaure suka fara yi masa tsiya cewa wata rana tuwo zai zuba a ciki. Can ya ga wasu matattun motocin sojan Faransa a bayan wani garaji, kujerunsu sun fashe, wani soso fari yana leƙowa. Ya roƙi mai garajin ya yanko. Wannan soson in an taka shi yana lotsewa, in an ɗaga ƙafa yana tasowa, kuma shi ake nema.

Kafin damina ta zagayo gyambon Hajjo ya rufe. Marta ta juya ƙafar ta sake juyawa, ta latsa tabon, ta dubi Mutari ta ce ashe ba banza yake shiru ba. Daga bakinta wannan babban yabo ne. Ta fara turo masa majinyatanta. Da hantsi za ka gan su jere a gindin bangon Alhaji Isaka, kowa da sandarsa, suna jiran a kwaɓa musu yumɓu. Alhaji bai so wannan jeri a ƙofar gidansa ba, fatake suna ƙyama, amma ya daure ya ce sadaka ce. Mutari ya rage yi wa 'yan dako aiki, ya rame, rigarsa ta ƙoɗe, ransa kuwa fari ƙal.

Sai soso ya fara ƙarewa. Sojan da suka tafi ba su bar motoci da yawa ba, kuma zafin Yamai yana cin soson, bayan 'yan watanni ya marmashe kamar busasshen burodi, sai an sake sabo. Marta ta san akwai wata roba da ake yi a Turai, shimfiɗa-shimfiɗa kamar tabarma, mai laushi mai jure rana. Sai dai ta jirgin ruwa take zuwa Kwatano, ta hau jirgin ƙasa, ta hau kamyo, babbar motar kaya, kuma ba abin da baduku zai iya sayowa ba ne. Marta ta ɗauki takalmi ƙafa ɗaya a jaka ta riƙa zagaya biro-biro, wato ofisoshin sabuwar gwamnati. Ba wanda ya kore ta. Kowa ya yaba, kowa ya ce a dawo. Gaskiya kuma ƙasar jaririya ce, ga ƙyanda tana kwasar yara, ga sanƙarau duk bazara, wa zai tsaya kan ƙafar kuturu? Mutari ya fara yanka soson siriri-siriri don ya isa kowa, yana ɓoye wa Hajjo mafi kauri, yana jin kunyar hakan.

Ana cikin haka Marta ta zo rumfa da sauri har tana haki. Wata ƙungiyar agaji daga Turai ta ware dukiya don tallafa wa sababbin dabarun kiwon lafiya da aka ƙirƙira a ƙasashen da suka sami 'yanci. Za su aiko wakiliya ta zagaya ta gani da idonta, ta zaɓi waɗanda suka fi bukata, kuma Marta ta yi naci har an sa rumfar Mutari cikin wuraren da za a kai ta. Matsalar ita ce an tura Marta rigakafin agana ƙauyukan bakin kogi, ba za ta kasance ba.

Ta ce, “Malam Mutari, ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa komi. Ta ga rumfag ga yadda take, ta ga mutanen, ta ga ƙahwar Yaya. In ta tambaye ka, ka ce roba kaka so. Kalma guda ce.”

Ya ce ya ji. Kuma har ga Allah ya ji.

Amma baƙo ba ya shiga gidan mutum mai gidan bai sani ba, don haka bayan sallar azahar Mutari ya durƙusa ya faɗa wa Alhaji Isaka. Alhaji ya gyara zama. Ya dubi rumfar, zanar da ta ruɓe, tarin guntayen taya, kaskon yumɓu, ya dubi jerin kutaren da ke bakin bango, ya girgiza kai.

Ya ce, “Jiya-jiya munka amshi ƙasarmu daga hannun Annasara. Yau kuma Annasara ta zo gidana ta iske mu cikin wanga hali, ta koma ta ce wa 'yan uwanta ga abin da munka zama bayan tahiyassu? Ba a gidana ba, Mutari. Kai ɗana ne. Ni ka ruhe maka asiri.”

Mu Hausawa akwai abin da muka iya wanda ban san ko akwai wanda ya fi mu ba, wato rufa wa juna asiri a gaban baƙo. Gidan da ba a ɗora tukunya ba tun jiya, in baƙo ya yi sallama sai ka ga akushi ya fito ta kan katanga daga maƙwabta, baƙon ya ci ya ƙoshi ya tafi yana yaba arzikin gidan. Abu ne mai kyau, ba na musu, ya tsare mutuncin mutane da yawa. Zongo kaf ta tashi a kan wannan aiki da zuciya ɗaya. Aka shafe bango da farar ƙasa. Aka yaye ruɓaɓɓiyar zana aka kafa kwano na aro. Wani tela ya kawo kekensa na ɗinki, madugan fata na Babbar Kasuwa suka aiko da jemammun fatu ja da rawaya aka jera har rufi, mai garaji ya kawo sababbin tayoyi daga shagon ubangidansa bisa alkawarin a mayar kafin magariba. Guntayen soson da suka rage, da yake sun yi baƙi sun marmashe, Alhaji ya sa aka zuba a buhu aka kai bayan gida. Kowa yana aiki yana murna, kowa yana ganin Mutari yake taimaka wa.

Mutari ya yi ƙoƙarin magana sau ɗaya. Ya ce Marta ta ce kada a taɓa komai. Alhaji ya ce Marta yarinya ce, kuma aikin Nasara ya sa ta manta yadda ake karɓar baƙo. Ta yaya mutum zai yi gardama da wanda ya ba shi wurin kwana shekara da shekaru bai taɓa goranta masa ba? Ya ce a ransa ai ba komai, bakinsa dai ba a shafe shi da farar ƙasa ba, in an tambaye shi zai faɗa.

Da safiyar ranar aka ba kutaren goro da ɗan abin sadaka aka roƙe su su yi nisa. Ba su yi musu ba, sun saba. Hajjo ma matar Alhaji ta zo da kanta ta ja ta zuwa ɗakin ƙurya, inda bango ɗaya ne tsakaninsa da zaure, ta ce ta huta yau. Aka sa wa Mutari babbar rigar Alhaji mai aska, hannunta ya rufe masa yatsu.

Wakiliyar dattijuwa ce, fuskarta ta yi ja don rana, tare da wani akawu na ma'aikatar lafiya da ke yi mata tafinta. Akawun da ya ga farin bango da jerin fatu sai da ya yi ajiyar zuciya, don shi ma tun a mota yake fargabar abin kunya. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo fura da gasasshen rago. Matar ba ta da girman kai, kuma ta san aikinta. Ta ɗauki takalmi ta juya shi, ta sa yatsa cikin ramin, ta sa aka nuna mata yadda ake taka yumɓu, idonta ya yi haske. Ta ce ta ga irin wannan tunani a manyan asibitoci, ba ta zaci za ta same shi a rumfar baduku ba. Ta tambayi ina masu sa takalman. Alhaji ya amsa kafin Mutari ya buɗe baki, ya ce sun warke sun tafi harkokinsu. Ta ji daɗi ƙwarai.

Sannan ta dubi keken ɗinki, ta dubi fatu da sababbin tayoyi, ta juyo wurin Mutari. Tafinta ya ce, “Madam tana tambaya, mi kaka bukata? Mi ya rage maka a aikin ga?”

Zaure ya cika maƙil. Ga tela a tsaye kusa da kekensa, ga madugan fata, ga Alhaji yana murmushi da tasbaha a hannu. Kalmar tana bakin Mutari. Amma in ya ce ba shi da komai, ya ce fatun nan da kwanon nan da rigar da ke wuyansa duk na aro ne, ya tuɓe Zongo tsirara a gaban Nasara, ya mai da Alhaji maƙaryaci a cikin zaurensa. Kuma a yadda aka rene shi, mai mutunci ba ya miƙa hannu a tambayar farko. Yakan ce a bari, a ce a'a sai ka karɓa, ya ce ya gode, a matsa masa, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi bukatarsa kamar an tilasta shi. Wanda ya zo da niyyar bayarwa ya san wannan, zai sake tambaya.

Mutari ya ce, “Alhamdu lillahi. Mun gode Allah.”

Tafinta ya juya mata da Faransanci cewa ba ya rasa komai. Zaure ya amsa da madalla. Mutari ya sunkuyar da kai yana jiran tambaya ta biyu, ya riga ya shirya amsarta. Matar ta yi murmushi, ta kama hannunsa ta cikin rigar ta girgiza, ta ce abin alfahari ne ganin mutanen da suka tsaya da ƙafarsu. Ta sa aka ɗauke su hoto. Ta shiga mota.

Kafin magariba an mayar da keke da fatu da tayoyi. Kwanon ma washegari aka zo aka cire.

Marta ta dawo daga ƙauye ta ga farin bango tun daga bakin titi, ba sai an faɗa mata ba. Ta wanke Alhaji tas a gaban fatakensa, abin da ba a taɓa yi ba, ta juya kan Mutari, amma da ta ga fuskarsa sai faɗan ya mutu a bakinta. Ta ruga ma'aikata, aka ce baƙuwar ta riga ta hau jirgi zuwa wata ƙasa. Bayan watanni labari ya zo cewa tallafin ya tafi wurare uku da aka ga suna cikin matsi, kuma tabbas suna ciki. Rumfar Zongo an ambace ta a matsayin misali na aikin da ba ya bukatar agaji. Alhaji ya yi fushi da Marta har ya mutu, kuma har ya mutu yana ba da labarin ranar da Annasara ta ci rago a zaurensa ta yaba.

Soson ya ƙare ƙarƙaf a bazarar da ta biyo. Mutari ya koma audugar rimi, yana farke takalma yana sake cusawa duk mako, amma mutum ɗaya ne, ƙafafu kuwa da yawa. Jerin bakin bango ya riƙa raguwa. Wasu sun koma ƙauye, wasu ya riƙa ganinsu a ƙofar kasuwa suna jan gindi, in sun hango shi su ne ma suke fara gaishe shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya roƙi Hajjo ta daina zuwa kasuwa. Ta ce in ta zauna wa zai sayar mata da igiya, kuma ai ba ta jin ciwon komai. Da damina ta sauka, laka ta jiƙa audugar ta daskare, tsohon tabon ya buɗe. Marta ta wanke, ta ɗaure, ta kwantar da ita, ta yi duk abin da ta sani. Wari ya canja. A babban asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mutari ya rayu shekaru da yawa bayan haka, ya ci gaba da yi wa 'yan dako takalma, bai yi arziki ba, bai yi aure da wuri ba, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa kowa laifi ba. Na tabbata da Hajjo ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Ranar da aka sallamo ta, a amalanke ya turo ta gida. Ya zaunar da ita a bakin ɗakinta cikin inuwa, ya kawo ruwa, ya durƙusa yana duba ƙafar hagun da ta rage, yana bin tafin da yatsa ko akwai wurin da ya fara ja. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

Ta ce, “Mutari, ran da Annasarag ga ta zo, ina bayan bango, na ji duk abin da anka ce.”

Hannunsa ya tsaya. Ya kasa ɗago kai.

Ta ce, “Gabana ya yi ta hwaɗuwa, ina cewa yanzu yaron ga za shi roƙo gaban mutane. Sai na ji ka ce mun gode Allah.” Ta dafa kansa da dungulmin hannunta. “Ka kyauta, ƙanena. Ban yi renon banza ba.”

Ya ce, “To, Yaya,” ya ci gaba da duba ƙafar.